Daga Tafinta zuwa Wayar Salula: Tarihin Fansho da Masu Shiga Tsakani a Ƙasar Arewa

Duk wanda ya yi nufin fahimtar yadda aka yi har muryar da ba a san mai ita ba take iya raba dattijo da abin da ya wahala a kansa shekara talatin, alhali yana zaune a ƙofar gidansa a Matankari ko Dumega, ba a fasa masa ɗaki ba, ba a kuwa tare shi a hanya ba, to wajibi ne ya koma baya ya dubi asalin wannan kuɗi da ake kira fansho, da hanyar da ya biyo ya shigo ƙasar Arewa. Dalili kuwa shi ne, damfarar da ake yi wa tsofaffin ma'aikata da matan mamata ta wayar salula a yau, ko da yake kayan aikinta sabo ne, ƙofar da take shigowa ta cikinta tsohuwa ce, an buɗe ta tun zamanin kakanni.

A zamanin da, tun ƙasar nan ta Dallol Mawri tana hannun masu ita, Sarauniya tana Lugu, Baura yana Bagaji, Sarkin Arewa yana Matankari, Samna kuma yana riƙe da Tibiri, babu mutumin da ya taɓa tsammanin wata hukuma mai nisa za ta ciyar da shi idan ƙarfinsa ya ƙare. Abin da tsoho yake dogara da shi, bayan Mahaliccinsa, shi ne gandun da ya share da hannunsa, da rumbun geron da ke tsakar gida, da ƴaƴa da ƙannen da suke noma a ƙarƙashinsa, waɗanda al'ada ta ɗora musu ciyar da shi har ranar da za su kai shi makwancinsa. Ita kuwa mu'amala da baƙo tana da nata sharuɗɗan da ba a ƙetare su. Falken da ya ɗauko gishirin Foga, ko ya koro dabbobi zai gangara da su Argungu, ba ya ciniki da kowa sai ta hannun mai masaukinsa, wanda yake ɗan gari ne, an san ubansa, an san gonarsa, kuma shi ne lamuni idan baƙo ya ci amana. Ashe ke nan dukiya ba ta fita daga hannu zuwa hannu sai an ga fuska, an san asali, an kuma sami wanda za a kama idan magana ta tashi.

Al'amari ya soma sauyawa ne da zuwan Nasara. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, inda Sarauniya Mangu da mutanenta suka yi tsayin dakan da har yanzu ake ambato. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1898, wadda ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, ta jefa Arewa a ɓangaren Ingila, sa'an nan yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka mai da mafi yawanta hannun Faransa, suka bar sauran dangi a can wajen Kangiwa, iyaka ta ratsa tsakanin wa da ƙane. A 1906 aka ɗauke kujerar Sarkin Arewa daga Matankari aka kawo ta Dogondutsi, kusa da barikin kwamanda. Daga nan abubuwa uku suka hau kan talaka: haraji da tsabar kuɗin Nasara maimakon wuri, da aikin tilas wanda ba a soke shi ba sai a 1946, da ɗaukar soja. Faransa tana da rundunar baƙar fata da ta kafa a Senegal tun 1857, a 1912 ta mai da shiga cikinta tilas, a 1919 kuma ta yi dokar ɗibar samari kowace shekara su yi shekara uku. Ta haka ne ƴaƴan ƙasashen nan, har da na Arewa wadda dama an san ta da mazaje tun zamanin Samna Ƙarfe na Tibiri, suka je yaƙe-yaƙen Turai, daga baya suka je Indocin tsakanin 1946 da 1954, da Aljeriya tsakanin 1954 da 1962.

Waɗannan ƴan mazan jiya suna cikin na farkon da suka shigo ƙauyukanmu da abin da ba a taɓa gani ba, wato ɗan littafi mai hatimi wanda yake haifar da kuɗi lokaci zuwa lokaci ba tare da mai shi ya duƙa a gona ba. Wanda ya cika shekara goma sha biyar a soja yana da haƙƙin fansho, wanda ya nakasa a fagen fama yana da nasa, a 1930 kuma Faransa ta ƙago wani ɗan alawus ga wanda yake riƙe da katin shaidar ya ga yaƙi. Amma tun farko haƙƙin nan bai zo a miƙe ba. Abin da ake ba baƙar fata bai kai abin da ake ba Bafaranshen da suka kwanta rami ɗaya da shi ba, kuma ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin da suka dawo daga zaman fursuna a Turai suka nemi a biya su kuɗinsu na baya, aka amsa musu da harsashi. Wannan ya isa ya nuna cewa tun ranar da aka haifi fansho a yammacin Afirka, tare aka haife shi da jinkiri da jayayya.

A nan ne mai shiga tsakani ya sami wurin zama. Littafin da Faransanci aka rubuta shi, mai shi kuwa galibi bai shiga lakkol ba. Wanda zai sa hannu yana Dosso ko Yamai, wanda ya yanke hukunci kuma yana can Faransa. Saboda haka tsohon soja ba shi da makawa sai ya bi ta hannun tafintan kwamanda, ko marubucin wasiƙa mai ɗan teburi a ƙofar gidan waya, ko wani ɗan boko na dangi, ko kuma ɗan kasuwar da zai ba shi gero da sukari bashi ya riƙe littafin jingina har ranar biya, tun da yake an saba biya ne wata uku-uku, ciki kuwa ba ya jiran wata uku. Adalci ne a faɗa cewa da yawa daga cikin waɗannan mutane sun riƙe amana, kuma da ba dominsu ba da haƙƙoƙi masu yawa sun salwanta. Waɗanda suka yi ha'inci a cikinsu ma, suka ɗebi rabo fiye da ladan wahalarsu, suna da fuska da suna da gida, ana iya kai ƙararsu wurin hakimi, ana iya kunyata su a kasuwa. Sai dai duk da haka wata ɗabi'a ta shiga zukata tun daga lokacin, ita ce sakankancewa da cewa haƙƙin mutum ba ya fitowa sai wani wanda ya san hanya ya taɓa shi, kuma sai an ba wannan wani abin goro.

Da mulkin kai ya ƙarato, sai Faransa ta yi abin da ya tsawaita wannan hali har rabin ƙarni. A cikin dokar kasafin kuɗi ta 26 ga Disamba 1959, sashe na 71, ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da suka fita daga hannunta, ta tsai da shi a kan adadin da yake a lokacin, ta kuma toshe hanyar da gwauruwa za ta gaji rabonta bayan mutuwar mijinta. Nijar ta sami ƴancinta ranar 3 ga Agusta 1960, shekaru suka yi ta wucewa, farashin gero da tufafi yana hawa, fanshon Bafaranshe yana hawa tare da shi, na tsohon sojan Arewa kuwa yana nan inda aka bar shi, har ya zama abin da ake ba shi bai kai a kwatanta shi da na abokin yaƙinsa ba.

A gefe guda kuma sabuwar ƙasa ta kafa nata tsarin. A 1965 aka kafa asusun CNSS domin ma'aikatan kamfanoni da masu kama da su, a 1967 aka ƙara masa sashen fanshon tsufa, ma'aikatan gwamnati kuwa, malaman makaranta da ma'aikatan likita da sojoji da jandarmomi, waɗanda Arewa ta ba Nijar su da yawa, nasu yana wani asusu na baitulmali, wanda daga baya dokar 2012 ta kafa hukumar CARENI domin ta riƙe shi. Wannan ci gaba ne babu shakka. Amma Yamai tana da nisan kimanin kilomita 270 daga Dogondutsi, takardun da ake nema kuma suna da yawa, kama daga ta haihuwa da ta aure zuwa ta shaidar cewa mutum yana raye, kuma waɗanda suka ga shekarun 1990 ba su manta da watannin da albashi ya yi ta maƙalewa ba, balle kuma faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994, wadda ta raba ƙarfin kuɗin kowa biyu a dare ɗaya. Mutum ya saba da jira, ya saba da jin cewa takardarsa tana kan teburin wani, ya kuma saba da fatan wata rana a ce kuɗin baya sun fito.

Abin lura a tarihin nan shi ne, wannan fata ta taɓa zama gaskiya. Wani tsohon saje ɗan Senegal mai suna Amadou Diop ya kai gwamnatin Faransa ƙara, kuma ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun da ke duba ayyukan hukuma a Faransa ta yanke cewa bambanta fansho saboda ƙasar da mutum ya fito zalunci ne da doka ba ta yarda da shi ba, ko da yake shi mai ƙarar ya riga mu gidan gaskiya kafin hukuncin. A 2002 aka yi ɗan ƙari; a 2006 fim ɗin Indigènes ya tayar da maganar, har aka daidaita alawus ɗin yaƙi da na nakasa daga 1 ga Janairu 2007; ranar 28 ga Mayu 2010 kuma majalisar tsarin mulkin Faransa ta rushe sauran bambancin, aka soma aiki da hukuncin a farkon 2011, bisa sharaɗin cewa wani sashe na gyaran sai mai haƙƙi ya rubuta ya nema a cikin wa'adi. Tsofaffin da suka rage, da gwauraye, da marayu, suka ji a rediyo cewa akwai kuɗi a wani wuri da sunansu, amma sai an cika takarda. Wanda ya taɓa ganin maƙwabcinsa ya karɓi irin wannan kuɗi bayan shekara arba'in yana jira, ba za a zarge shi da wauta ba idan wata rana aka ce masa nasa ma sun iso, ya gaskata.

A daidai wannan zamani ne wayar salula ta shigo. Kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, ya koma Zain, ya koma Airtel a 2010. Orange ya zo a 2008. A farkon 2010 aka soma aika kuɗi ta waya, sa'an nan kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana suka buɗe rassa a garuruwa. Alherin wannan abu ba ya ɓoyuwa ga kowa, domin ɗan cin ranin da ke Legas ko Kwatano ko Abijan, wanda a da sai ya jira wani amintacce mai komawa gida ya ba shi saƙo, yau yana aika wa mahaifiyarsa a Geceme ko Dankasari kuɗin magani ta karɓa kafin la'asar. Amma hanyar da alheri ya bi da sauri, ita ce sharri ma ya bi. Tafinta da marubucin wasiƙa sun tafi, wurinsu kuwa bai zauna babu kowa ba. Wanda ya gaje shi shi ne mai kira daga lambar da ba a sani ba, wanda ya ɗauki dukan abin da mai shiga tsakani na da yake da shi na iko a kan zukata, ya yar da abu ɗayan da yake tsare mutane daga sharrinsa, wato fuska da asali.

Yadda yake aikinsa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Yakan yi sallama da ladabi, ya kira mutum Baba ko Alhaji, ya ambaci cikakken sunansa da ma'aikatar da ya yi wa aiki, abubuwan da ba su da wuyar samu ga wanda yake bin jerin sunaye da sanarwar rediyo da zaurukan WhatsApp. Sa'an nan ya ce shi jami'i ne daga asusu a Yamai, kuɗin baya sun fito, ko an yi ƙari, ko kuma takardar mutum tana da gyara wanda in ba a yi shi yau ba za a cire sunansa. Daga nan sai buƙata ta biyo baya: a aiko jika kaza kuɗin buɗe takarda zuwa ga wani suna a wani gari, ko a karanto masa lambar sirrin da ta shigo ta gajeren saƙo yanzun nan. Yakan haɗa da sharuɗɗa biyu waɗanda su ne jigon sana'arsa, gaggawa da ɓoyewa: a yi kafin a tashi daga aiki, kada kuma a gaya wa kowa, wai don kada ƴan hassada su ɓata lamarin. Wanda ya aika sau ɗaya za a sake kiransa, a ce saura kuɗin sa hannun darakta, har sai abin hannunsa ya ƙare, sa'an nan layin ya mutu.

Mafi muni a cikin wannan sana'a shi ne abin da ake yi wa matar da take cikin takaba. Wata huɗu da kwana goma tana zaune a ɗaki, zuciyarta a karye, ba ta san inda mijinta yake ajiye takardunsa ba, ga marayu a gabanta. Sai waya ta yi ƙara, wani ya yi mata ta'aziyya da kalmomi masu daɗi, ya ce shi abokin aikin marigayi ne, zai fitar mata da rabonta ba sai ta sha wahalar zuwa Dosso ba. Abin da za ta aika masa sau da yawa sadakar da jama'a suka kawo ce, ko kuɗin tunkiyarta. Cin dukiyar maraya yana cikin manyan kaba'irai da malamai suka lissafa, kuma wanda ya yi shi ta waya bai fi wanda ya yi shi da hannu sauƙin hisabi ba.

Masifar ba tamu ba ce mu kaɗai. A Nijeriya, inda sashe na 419 na kundin laifuffuka ya zama sunan sana'ar kanta, hukumar PTAD mai biyan tsofaffin ma'aikatan tarayya ta sha fitar da gargaɗi cewa ma'aikatanta ba sa kiran kowa su nemi kuɗi kafin a biya shi haƙƙinsa. A Ingila, inda kusan kowa ya iya karatu, abin ya kai har a Janairun 2019 aka haramta kiran mutum haka kawai a yi masa tallar sha'anin fansho, wanda ya nuna cewa rashin boko ba shi ne asalin cutar ba. A Nijar ma hukuma ta yi nata ƙoƙari: a 2013 an rufe layukan da ba a yi musu rajista da sunan masu su ba, ranar 3 ga Yuli 2019 kuma aka kafa dokar hukunta laifuffukan da ake aikatawa ta waya da intanet. Sai dai doka tana zuwa ne bayan ɓarna ta auku, kuma kuɗin da aka riga aka karɓa a wani gari da katin wani, dawo da su abu ne mawuyaci.

Saboda haka kariyar da ta fi ƙarfi ita ce wadda take hannunmu tun da, wadda al'ada ta kafa, shari'a kuma ta zo ta ƙarfafa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka; Suratul Hujurati kuma ta umurci muminai da yin bincike idan wanda ba a amince da shi ba ya zo da labari, don kada a yi abin da za a koma ana nadama. Almajirin da ya karanta Risala ya san cewa wanda ya yi da'awa shi ne yake kawo bayyina. To mai kiran nan shi ne ya yi da'awar cewa jami'i ne, amma sai ya juya al'amari, ya zama shi ne yake neman hujja da lambar sirri daga wanda ya kira. Haka kuma a babin wakalci, mai haƙƙi ne yake naɗa wakilinsa, ba a taɓa jin wakilin da ya naɗa kansa ya kuma nemi lada kafin aiki ba. Alamomin ƙaryarsa a fili suke ga wanda ya natsu: shi ne ya fara kira, ya nemi kuɗi kafin haƙƙi ya fito, ya nemi lambar sirri, ya hana jinkiri, ya hana shawara. Ɗaya daga cikin waɗannan ta isa a kashe waya. Fansho bashi ne da mutum yake bin hukuma, kuma ba a sayen bashi daga hannun wanda ake bi. In akwai kuɗin kan sarki ko na wata takarda, a ofis ake biyansu, a karɓi rasit mai hatimi.

Nisa ma da yake uzuri a zamanin kwamanda ya ragu ƙwarai. Tun 2011 Tibiri ta zama gunduma mai zaman kanta, kowace ƙaramar hukuma daga Sukukutan da Dogonkiriya har Kore Mairuwa tana da ofishinta, akwai ƙungiyoyin ƴan fansho, akwai jandarmomi, kuma da wuya a sami gidan da ba shi da ɗa ko jika mai karatu. Wanda aka kira, ya ce wa mai kiran zai zo ofis da ƙafarsa. In jami'in gaskiya ne ba zai ƙi ba, in kuwa ɗan damfara ne zai soma fushi da barazana, wannan kuwa ya isa shaida. Gani ya kori ji.

Akwai kuma nauyi a wuyan waɗanda Allah ya ba iko ko ilmi. Hukumomin fansho su sani cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma kowane wata da takardar tsoho ta yi tana jira ba tare da an gaya masa inda ta kwana ba, dama ce aka ba macuci. Biya a kan kari da bayani da harshen da mutane suke ji sun fi kowace doka tsare su. Limamai su sa maganar a cikin huɗuba, sarakuna da masu gari su sa a yi shela ranar kasuwa, gidajen rediyon karkara su maimaita ta a lokacin da biya ya ƙarato. Wanda kuma ƙaddara ta riga ta auka masa, kada kunya ta rufe masa baki, domin kunyar tana kan azzalumi ne, kuma shirunsa shi ne yake ba macucin damar kiran maƙwabcinsa gobe. Ya kai lambar da shaidar aikawa wurin jandarma ko ƴan sanda da kamfanin da ya aika ta hannunsa, tun ranar da abin ya faru.

Ya kai mai karatu, idan kana da tsoho ko tsohuwa mai karɓar fansho a gidanku, kada ka jira sai an kira su. Ka zauna da su yau, ka duba takardunsu, ka rubuta musu lambar ofishin da yake biyansu, ka kuma roƙe su alkawari ɗaya: duk wanda ya kira da maganar kuɗi, ko da ya san sunan kakansu, kada su aika ko dala, kada su faɗi lambar sirri, sai sun yi shawara da kai. Iyayenmu sun jira wannan haƙƙi shekaru masu yawa kafin ya iso hannunsu, kuma tsare musu shi wajibi ne a kanmu. Allah ya kare mu daga sharrin maha'inta, ya sa iyayenmu su ci guminsu cikin kwanciyar rai, amin.